Baƙar Giya a Butar Makkolli

Tanki uku gare mu a gidan giya. Biyu suna aiki. Na ukun ya daɗe a bushe, tun da mutanen ƙauyenmu suka fara ƙarewa, wasu zuwa birni, wasu zuwa kan tudu inda muke binne matattu. Shi nake so.

Kakana ya dafa makkolli a gidan nan, Baba ya gada. Giyar shinkafa ce, fara kamar nono, mai ɗan tsami, marar ƙarfi. Manomi ya sha kwano biyu da rana, ya goge baki, ya koma gona. Ni da na gama sakandare ban ci gaba ba. Na yi aikin soja na dole kamar kowane saurayi a ƙasarmu, na fito, na tsaya a Busan ina wanke ganguna a wani ƙaramin gidan giya kusa da teku. A can na fara ɗanɗana baƙar giyar da suke kira sitawut. Ba irin ta kanti ba. Mai kauri, mai ƙarfi, wadda ake zubawa kaɗan a zauna da ita. Daga baya mai gidan ya ga na cika leƙe, ya koya mini.

Da Baba ya kwanta ciwon hanta na dawo gida. Ya tashi, amma likita ya raba shi da giya har abada. Mutumin da tun yana saurayi yake kurɓa daga tanki kowace safiya, yanzu sai dai ya sunsuna ya miƙo mini.

"Yaya?"

"Ta yi."

"Ta yi, ko dai ta yi?"

"Ta yi, Baba."

Iyakar hirarmu ke nan a yawancin ranaku.

Tawa giyar a ɗakin baya na dafa ta, cikin babbar tukunya, tun ƙarshen sanyi. Na ari kaskon da Gwaggo Malsun, yayar Baba, take soya riɗi, na gasa sha'ir a ciki har ya yi baƙi. Sati guda gidan yana warin ƙauri. Baba ya wuce ta ƙofar ɗakin ba sau ɗaya ba, bai taɓa tambaya ba. Na ɗura ta a kwalabe, na rufe da bargo, na bar ta ta kwanta duk damina.

Ana cikin tsinkar tuffa abokina Gitae ya kira. Ya samo mini gurbi a masana'antar kayan mota a Changwon, inda yake. Ya ce kafin a gama kwashe tuffa in ba shi amsa, don akwai masu jira. Ba na son aikin. Na taɓa kai masa ziyara, na ga yadda suke fitowa da yamma, kowa fuskarsa kamar an wanke ta da toka. Amma kuma ba zan ƙare rayuwata ina juya shinkafa don tsofaffin da suke raguwa kowace shekara ba.

Na sami Baba yana wanke buhun tata. Na ce, "Ina son tanki na uku."

Bai ɗago ba.

"In ba haka ba zan tafi wurin Gitae."

Ya matse buhun, ya shanya, ya goge hannu a wando. Sannan ya ce, "Ni yanzu ba ni da baki. Bonggil da Chunbae su ne bakina. Gobe da rana ka kai musu. In sun ce giya ce, tanki naka ne. In sun ce ba giya ba ce, ka je ka ɗaura kusoshinka."

Kawu Bonggil da Kawu Chunbae ba 'yan'uwan Baba ba ne, abokansa ne tun firamare. Kawu Bonggil manomin tuffa ne, gajere, mai ƙarar murya. Kawu Chunbae ya tuƙa motar bas ta ƙauye har aka soke hanyar, yanzu ba ya tuƙa komai sai kekensa. Babu wata tukunyar makkolli da ta fita daga gidanmu ba su fara sa mata baki ba.

Washegari na ɗauki kwalabe huɗu na nufi gidan abincin Gwaggo, wanda yake jikin katangarmu. A waje ake zama, kan dakalin katako, ƙarƙashin babbar bishiyar bakin hanya. Na zo da ƙananan kofunan gilashi da na saya tun a Busan. Na jera su a kan tebur.

Gwaggo ta fito da wainar albasa tana tururi. Ta dubi kofunan, ta dube ni.

"Wonjae, waɗannan fa? Maganin ido za ka ɗiga musu?"

"A irinsu ake shan ta, Gwaggo."

"A gidan wa? Dattawa biyu su bar gona su zo, ka tare su da murfin kwalba? So kake a ce mu 'yan gidan Pyo mun fara rowa?"

Ta kwashe kofunan cikin leɓen rigar girkinta. Ta dawo da kwanonin makkolli da butar nan rawaya wadda duk jikinta ya lotsa. Kafin in buɗe baki ta ɓalle kwalaben, ta juye su duka a ciki. Ina jin giyar tana ɓulɓul. Kumfa mai ruwan ƙasa ta taso har bakin buta.

Na dubi Baba. Yana zaune a gefen dakali da kofin ruwan sha'ir ɗinsa. Ya ce, "A buta ake kawo giya."

Shi ke nan.

Kawu Bonggil ya iso da takalmin gona, hular rana a rataye a wuya. Tun daga nesa yake magana.

"Sangdo! An ce ɗanka ya dafa kwalta. Ku yi sauri, motar ƙungiyar manoma za ta zo ɗaukar tuffa da yamma, rabin layi ban taɓa ba."

"Zauna dai," in ji Baba.

Kawu Chunbae ya jingine kekensa, ya cire takalmi, ya hau a hankali yana dafa baya.

"Ni maki zan bayar," ya ce. "Bisa goma, kamar yadda suke yi a talabijin. Jikata ta ce ni na fi su iya fuska."

"Fuskar da ta sa fasinja suka daina hawa bas?"

"Bakinka dai, gajere. Kai da tuffa ma sai da tsani."

"Tsanin ya ciyar da 'ya'ya uku. Kai ina bas ɗin?"

Na durƙusa. Na ɗauki buta da hannu biyu, na fara da Kawu Bonggil don ya girmi ɗayan da watanni. Na so in tsaya a rabi. Ya ɗaga kwanon sama yana bin bakin butar.

"Cika mana. Hannunka ciwo yake?"

Na cika. Na cika na Kawu Chunbae. Giyar ta kwanta a kwanonin baƙa ƙirin, ba a ganin komai ta cikinta sai ganyen bishiya da ke yawo a kai. Daga inda nake ina jin ƙamshinta. Ta yi. Na san ta yi.

"Kawu," na ce, "a hankali ake shan ta. Tana da ƙarfi, ta ninka makkolli. A fara sunsunawa, sannan..."

"Wonjae." Baba ne. Bai ɗaga murya ba. "Bonggil za ka koya wa shan giya?"

Na ajiye butar.

Suka haɗa kwano. Suka kafa kai. Ina kallon maƙogwaron Kawu Bonggil yana hawa yana sauka, wata bakwai na aikina yana wucewa kamar ruwan rijiya. Ya dire kwanon, ya runtse ido, ya ja iska ta haƙora.

"Kai! Kai, kai, kai. Malsun, duba tulunki na ruwan waken soya, yaron nan ya yi miki sata."

Gwaggo ta yi dariya daga ƙofa.

Kawu Chunbae ya lashe leɓe, ya ɗaure fuska irin ta talabijin. "Wannan," ya ce, "shi ne maganin da matata take dafa mini don ciwon baya. Sak. Har baƙin."

"Ya yi maka aiki?"

"Ina fa."

"To maki nawa?"

"Huɗu. Ɗaya don ubansa ne."

"Ni uku," in ji Kawu Bonggil. Ya yago waina, ya naɗe kimchi, tsimammen kabejin nan mai yaji, a ciki, ya cusa. Da baki cike ya ce mini, "Kada ka ɓata rai, ɗana. Na farko ba ya ƙirguwa. Harshe bai farka ba." Ya miƙo kwano.

A wurinmu ba a zuba wa mutum giya sai kwanonsa ya bushe. Kuma yaro ba ya barin kwanon babba a bushe. Da makkolli wannan ba komai ba ne, haka za a yi ta juyawa har buta ta ƙare, kowa ya tashi da ƙafarsa. Na san abin da zai faru da wannan. Na sani, na kuma zuba, don Baba yana kallo.

A kwano na biyu suka ɗan sassauta. Kawu Chunbae ya sha rabi, ya tsaya yana kallon ciki.

"Akwai wani abu a bayan ɗacin," ya ce.



"Me?" in ji Baba.

"Ban sani ba. Ya wuce." Ya shanye sauran don ya kamo shi. Bai kamo ba.

Kawu Bonggil ya ajiye nasa da saura kusan rabi. Kunnuwansa sun fara ja. Yana ba da labarin wani dillalin tuffa da ya zo daga Daegu da takalmi fari, yana yi yana buga tebur. Sai wata dabara ta zo mini. In kwanon bai bushe ba, ba sai na cika shi ba. In riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan, ya riƙa kurɓa, giyar ta samu ta zauna a bakinsa. A Busan haka muke yi wa baƙi masu ɗanɗano, babu wanda ya taɓa cewa komai. Ban yi wani dogon tunani ba. Na karkata buta, na ƙara masa a kan wadda ke ciki.

Labarin dillali ya tsaya cak.

Kawu Bonggil ya dubi kwanon. Ya dube ni. Ya juya wajen Baba a hankali.

"Sangdo. Ɗanka ya binne ni."

Sai a lokacin na tuna. Matattu kaɗai ake ƙara wa giya a kan giya, ranar tunawa da su, a gaban allon sunansu. Ni da kaina nake riƙe wa Baba buta duk shekara in ya yi wa Kaka.

"Kawu, ku yi haƙuri, ban..."

"Chunbae, taɓa ni. Da sanyi?"

Kawu Chunbae ya taɓa masa goshi. "Da ɗumi-ɗumi. Bai daɗe ba."

"Yaran yanzu," in ji Gwaggo. "Ka je birni ka koyo baƙin ruwa, ka mance yadda ake zuba shi."

Dariya suke, amma Baba bai yi ba. Fuskarsa ta yi irin ta ranar da sakamakon jarrabawata ya fito.

"To bari ka ga gawa," in ji Kawu Bonggil. Ya ɗaga kwanon, ya shanye tas, ya kifa shi a kan kansa ya girgiza. Ɗigo ɗaya ya gangaro masa ta goshi. "Gawa tana haka? Karɓi. Kai ma sha abin da ka dafa."

Ya miƙo mini kwanonsa, ya karɓi butar, ya cika shi har baki. In babba ya ba ka kwanonsa, sai ka shanye ka mayar masa, yana jira. Na karɓa da hannu biyu, na juya kai gefe, na kafa.

Ban ji komai ba. Gaskiyarsu ce. In aka kwankwaɗe ta haka babu abin da ke ciki sai ɗaci da nauyi, da wuta da ke sauka ƙirji. Duk abin da na ɓoye a cikinta ya wuce ta gefen harshena bai gaishe ni ba. Na goge bakin kwanon, na mayar, na cika masa. Na uku ke nan. Kawu Chunbae ya ce shi ba za a bar shi a baya ba.

Daga nan abin ya yi sauri.

Kawu Chunbae ya cire fuskar talabijin. Ya fara lissafa tashoshin tsohuwar hanyarsa ɗaya bayan ɗaya, da sunayen matan da suke hawa da kwandon kabeji a kowace. Da ya kai ta ƙarshe ya ce duk sun mutu, sai hawaye. Ya kama hannuna.

"Wonjae, giyar nan ta san ni. Takwas."

"Takwas ɗin me?" in ji Kawu Bonggil. "Marowaci. Tara! Sangdo, ba yaron nan tanki. Ba shi duka ukun. Ba shi gidan, kai ka dawo wurina ka riƙe mini tsani."

"Ɗazu uku ka ce," in ji Baba.

"Ɗazu a mace nake."

Ya dubi rana, ya tuna da tuffarsa. Ya ce a ba shi takalminsa. Ya sa ƙafa ɗaya, ya miƙe, sai ƙasa ta kauce masa. Ya tafi gefe guda kamar buhu, ya bugi bakin dakali da gira, ya zauna cikin lambatu.

Gwaggo ta saki ƙara. Na dira na ɗago shi. Girar ta fashe kaɗan, jini yana bin gefen idonsa. Bai ma sani ba. Yana ta neman ɗaya takalmin, yana cewa mota za ta zo.

Gwaggo ta kawo tsumma da ruwa tana faɗa, da ni, da Baba, da wanda ya fara ƙirƙiro giya. Kawu Chunbae ya kwanta a kan dakali, ya rufe fuska da hula, ya yi barci.

Baba ya tsaya a kanmu, hannuwa a baya.

"Tun zamanin kakanka," ya ce, "babu wanda ya sha giyar gidanmu da rana ya kasa komawa gona."

"Sun ba da takwas da tara," in ji Gwaggo. Ban zaci za ta tare mini ba.

Baba ya ce, "Wanda bai san inda takalminsa yake ba? Da suna cikin hankalinsu uku da huɗu suka ce."

Na ce, "Na ji. Zan kira Gitae."

Bai ce kada in kira ba.

Na goya Kawu Bonggil zuwa gidansa. Ba shi da nauyi, abin ya ba ni mamaki. Duk ƙarar nan ƙashi ne da riga. A hanya yana ta magana a bayan kunnena. Ya ce kada in bar ubana. Ya ce tun da aka hana Sangdo sha ba ya zuwa hira, sai ya zauna a gidan giya shi kaɗai yana sauraron tankuna. Ya ce ubana ya taɓa buɗe ɗakin baya ba na nan, ya ɗaga bargo, ya daɗe a tsaye. Daga nan ya koma zagin dillalin Daegu. Matarsa ta karɓe shi a ƙofa, ta dubi girar, ta dube ni, ta shige da shi ciki. Da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Da na dawo Gwaggo tana ciki tana wanke-wanke. Kawu Chunbae yana minshari. Baba yana nan inda na bar shi, butar a gabansa. Rana ta zagayo ta ƙarƙashin reshe ta daɗe tana dukanta. Na fara tattara kwanoni.

"Da saura?" ya ce.

Na girgiza ta. "Kaɗan."

Ya cire murfin butar, ya juya shi, ya miƙo mini kamar kofi.

"Zuba."

"Baba, likita."

"Tofarwa zan yi. Zuba."

Na durƙusa na zuba. Bai fi cokali uku ba, murfin ba ya ɗaukar fiye da haka. Ta yi ɗumi, kumfar ta kwanta, ta yi kauri kamar mai.

Bai sha ba. Ya kai ta hanci ya tsaya. Ya janye, ya numfasa, ya sake kaiwa. Mutumin da ya daɗe ba shi da komai sai hanci. Sannan ya kurɓi kaɗan, ya rufe baki, ya rufe ido. Ina ganin kumatunsa suna motsi. Wata babbar mota ta wuce a titi, ƙurarta ta tashi ta kwanta, bai buɗe ido ba.

Ya juya ya tofar a gindin bishiya.

"Ƙanzo," ya ce. "Ƙanzon shinkafa, wanda ya kusa ƙonewa bai ƙone ba." Ya motsa harshe. "Kofi. Sai can ƙasa, busasshiyar magarya. Ka sa magarya?"

"A'a."

"Daga ina ta fito?"

"Daga zama."

Ya gyaɗa kai. Wannan ya sani.

"Ka ƙona wani sashe na sha'irin. Kaskon Malsun yana da zafi a gefen hagu, ba ta gaya maka ba. Akwai ɗan toka a ƙarshe."

Ban taɓa lura ba. Da ya faɗa sai na ji shi a bakina.

"Amma ba ta da datti. Babu tsami, babu warin tukunya. Wa ya koya maka wanki?"

"Kai."

"Hm."

Ya sake kai murfin baki, ya ɗauke sauran. Na jira ya juya wajen bishiya. Bai juya ba. Ya daɗe da ita a baki, ya fi na farko. Sannan maƙogwaronsa ya motsa.

"Sangdo!"

Gwaggo ce a bakin ƙofa, da jiƙaƙƙen tsumma a hannu. Ta sauko ba takalmi, ta ɗaɗa masa shi a gadon baya.

"Na gan ka! Ɗan banza, na gan ka! Ni na kwana a ƙasan gadon asibiti ko kai? So kake in binne ka kafin ni?"

"Yaya, cokali ɗaya ne."

"Cokali ɗayan ubanka!"

"Ubanmu ɗaya."

Ta ƙara masa. Ta fizge butar, ta juye abin da ya rage a lambatu, ta koma ciki tana share ido da bayan hannu. Na ji tsoro nima. Na dube shi ko zai canja launi. Yana zaune kawai, tsumman ya bar masa tabo a riga, yana lasar leɓe a hankali don kada ta gani.

Na ce, "Maki nawa?"

"Ni malamin makaranta ne?"

Na ci gaba da tattara kwanoni.

"Giya ce," ya ce.

Na tsaya.

"Amma giyar wanda ba shi da abin yi ce. Mai gona ba shi da lokacin zama da cokali uku har rana ta karkata. Ka ga abin da ta yi wa Bonggil. Ba laifinsa ba ne, yadda aka koya masa ya sha." Ya mayar da murfin kan tebur. "Yaushe mutumin ƙauyen nan ba shi da abin yi?"

"Da sanyi."

"To. Daga ranar da ƙanƙara ta fara sauka zuwa ranar da za a jiƙa irin shinkafa, tankin naka ne. Da an jiƙa iri ka wanke mini shi, ka dawo kan makkolli."

"Baba, tana bukatar ta kwanta watanni. Wadda na dafa da sanyin bana sai na baɗi za a sha."

"To ka jira. Ko ita ma sauri take?"

"Ba haka na roƙa ba."

"Na sani."

Na ƙirga lokacin da ya ba ni. Ko rabin shekara bai kai ba. Sauran watannin shinkafa ce, da buhun tata, da "ta yi, Baba" kowace safiya. Kuma shekara guda cur kafin in ga ko akwai mai saye, a Busan ko a ko'ina. Na tsaya da kwanoni a hannu ina auna wannan da Changwon.

"Kana tsaye," in ji Baba. "Motar ƙungiya ba ta san Bonggil ya mutu ba. Rabin layi ne. Kai ka kayar da shi."

Na ajiye kwanonin na tafi.

Matar Kawu Bonggil tana gonar ita kaɗai. Ta nuna mini tsani da haɓa. Na hau. Kwanon da na shanye yana nan a kaina, reshe yana matsowa yana ja da baya. Na kama tuffa ta farko na fizga, ta fito da ganye da guntun reshe.

"Ba haka ba," ta ce daga ƙasa. "Ka karya tohon da zai ba da ta baɗi. Tallafe ta, ka ɗaga sama, ita za ta saki."

Na tallafi ta biyu na ɗaga. Ta saki.

Na cika kwando biyu kafin in sauko. Na zauna a kan akwati, na ciro waya, na kira Gitae. Ƙarar injuna ta fara shigowa kafin muryarsa.

"Yaya, kana zuwa?"

"Ba wa wani gurbin."

"Ya ba ka tankin?"

"Da sanyi kawai."

"Da sanyi kawai? Kai, Wonjae, kana da hankali kuwa? Saboda wata huɗu za ka..."

"Ina kan aiki," na ce.

Matar Kawu ta riga ta ja tsanin zuwa bishiya ta gaba, tana riƙe da ƙafarsa tana jira. Can ƙasan tudu na hango motar ƙungiya ta shigo kwana.